Lamunin Bizar Iyali: Adadin Da Hukuma Ke Nema Da Gaskiyar Da Ke Aljihu

  

A 'yan shekarun nan wata tambaya ta fara yawaita a zaurukan malamai a nan Sakkwato, wadda a da ba mu saba jin irinta ba. Kwanakin baya, bayan an sallame sallar Isha'i a masallacinmu na Unguwar Rogo, wani dattijo ya dakata har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce yana da magana. Ɗansa ya daɗe yana aiki a Ingila, har ya samu izinin zama na dindindin. An ɗaura masa aure a nan gida, amarya ta tare a gidan surukanta, ga shi ana neman shekara biyu miji bai samu ikon ɗaukar ta ba, domin albashinsa ya gaza adadin da hukumar can ta gindaya. Sai wani dillalin biza ya yi musu tayin zai gyara takardun albashin, ya kuma samo kuɗin haya a zuba a asusu na 'yan watanni har a gama bincike. Dattijon ya ce: “Malam, aure dai halal ne, kuma ba abin da muke nufi sai haɗa yaro da matarsa. Ashe akwai laifi a ciki?”

Mun ba shi amsa a taƙaice a daren. Amma da yake gidaje da yawa suna cikin irin wannan hali, musamman gidajen likitoci da ma'aikatan jinya da ɗaliban da suka fita neman ilimi, mun ga ya kamata a warware maganar a fili. Hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin haƙiƙarsa ne, saboda haka za mu fara da bayanin abin da hukumomin ke nema.

Abin da ake nema a Birtaniya

Tun watan Yulin 2012 Birtaniya ta kafa doka cewa ɗan ƙasa, ko wanda ke da izinin zama na dindindin, ba zai kawo matarsa daga waje ba sai ya nuna yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara. An kai ƙarar wannan doka har Kotun Ƙoli, a watan Fabrairun 2017 kotun ta ce asalin dokar bai saɓa wa ƙa'ida ba, ko da yake ta nemi a riƙa duba halin yara. Ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000, wato kusan fam 2,417 a wata kafin a cire haraji. Gwamnatin wancan lokaci ta yi niyyar kai shi fam 38,700, amma da jam'iyyar Labour ta karɓi mulki a watan Yulin 2024 sai ta dakatar da ƙarin, ta miƙa maganar ga kwamitin ba da shawara kan ƙaura. A watan Yunin 2025 kwamitin ya ba da shawarar kada a kai adadin can sama, ya kuma nuna cewa yawancin ma'aunan da ya gwada suna faɗawa ne tsakanin fam 23,000 da 25,000.

Faɗa da baki ba ta wadatarwa. Mai albashi zai kawo takardun biyan albashi na wata shida, da bayanan asusun banki na waɗannan watanni da ke nuna kuɗin sun shiga, da wasiƙar wurin aikinsa. Dole ukun su yi daidai da juna. Kuɗin da aka biya mutum a hannu, bai kai banki ba, bai biya harajinsu ba, ba a lissafa su. Wanda albashinsa ya gaza yana iya cike giɓin da ajiya, kuma lissafin a bayyane yake: a ninka giɓin sau biyu da rabi, a ƙara fam 16,000. Mai samun fam 26,000 yana da giɓin fam 3,000, don haka zai nuna ajiyar fam 23,500. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai zai nuna fam 88,500. Sharaɗi shi ne kuɗin su zama mallakarsa ko ta matarsa, su yi wata shida a hannunsu, su kuma bayyana inda suka samo su. Ana karɓar kyauta ta gaskiya daga iyaye ko dangi. Ba a karɓar rance.

Ƙofar ɗalibai ma ta ƙuntata. A shekarar 2022 'yan Nijeriya ne suka fi kowa yawan iyalan da ɗalibai suka kai Birtaniya, sun haura mutum dubu 60. Daga Janairun 2024 aka hana mafi yawan masu karatun digiri na biyu zuwa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A watan Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya.

Abin da ake nema a Amurka da ƙasashen Larabawa

A Amurka akwai takardar lamuni da ake kira I-864, wadda ta samo asali daga dokar shige da fice ta 1996. Mai ɗaukar nauyi zai nuna cewa abin da yake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa kowace shekara. A lissafin 2025, gida mai mutum biyu, wato miji da mata, yana bukatar dala 26,437. Kowane mutum ɗaya da ya ƙaru yana ƙara dala 6,875, don haka mai 'ya'ya biyu zai nuna dala 40,187. Babbar hujjar da ake dubawa ita ce takardar harajin shekarar da ta gabata, tare da shaidar abin da mutum ke samu yanzu. Idan abin ya gaza, ɗan ƙasa mai neman kawo matarsa zai iya cikewa da kadarar da ta ninka giɓin sau uku. Yana kuma iya samo mutum na biyu ya tsaya masa, wanda shi ma zai sa hannu a irin wannan takarda.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan takarda yarjejeniya ce da kotu ke iya tilastawa. Idan matar ta karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati, hukuma na iya bin mai lamuni ya biya. Ita kanta matar tana iya kai shi ƙara idan ya bar ta ƙasa da wancan ma'auni. Nauyin ba ya sauka sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta cika kimanin shekara goma tana aikin da ake lissafawa, ko ta bar ƙasar baki ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. Saki ba ya sauke shi.

Ga 'yan Nijeriya kuma ƙofar tana buɗewa tana rufewa. A farkon 2020 gwamnatin Shugaba Trump ta taƙaita bizar zama ga 'yan Nijeriya, Shugaba Biden ya soke matakin a ranar da ya hau mulki a Janairun 2021. A watan Disambar 2025 aka sake sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, Nijar kuma aka rufe mata ƙofa gaba ɗaya. A Janairun 2026 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sanar da dakatar da bayar da bizar zama ga ƙasashe 75, har da Nijeriya, kuma dalilin da ta bayar shi ne tsoron kada baƙi su zama nauyi a kan baitulmalin ƙasar. Wato maganar ta sake komawa kan wa zai ciyar da wanda ya shigo.

Kada a ɗauka Turawa ne kaɗai ke wannan awo. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, baƙon da ke son iyalinsa su zauna tare da shi sai albashinsa ya kai dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 idan wurin aiki ya ba shi masauki. A Saudiyya ana duba sana'ar da ke kan igama da shaidar albashi, sannan tun watan Yulin 2017 aka sanya kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, aka fara da riyal 100, ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku zai biya riyal 19,200 a shekara, ban da ci da sha da haya. Kanada ce ba ta gindaya adadin albashi ga mai kawo matarsa a mafi yawan hali, amma ita ma tana sa shi ya ɗauki alƙawarin riƙe ta shekara uku. Waɗannan adadi suna canzawa, don haka duk mai niyya ya duba shafin hukumar ƙasar da kansa kafin ya yi lissafi.

Mu faɗi gaskiya game da dokar

Ba za mu ɓoye ba, akwai tsanani a wasu daga cikin waɗannan dokoki. Masu nazarin ƙaura a Jami'ar Oxford sun ƙiyasta cewa kusan rabin ma'aikatan Birtaniya kansu ba sa samun fam 29,000 a shekara. Ke nan an mayar da zaman miji da matarsa wani abu da sai mai hali. Shari'armu ba ta yi haka ba. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora ciyarwa a kan gwargwadon halin mutum, mawadaci da yalwarsa, matalauci da abin da Allah Ya hore masa. Ba a taɓa raba talaka da matarsa don kawai samunsa bai kai wani adadi ba, matuƙar yana ciyar da ita gwargwadon al'adar irinsu.

Duk da haka asalin tambayar da hukuma ke yi ba baƙuwa ba ce gare mu. Kafin a ba da 'ya, waliyyi yakan tambayi sana'ar mai nema da inda zai ajiye ta. A zamanin fatauci, Bahaushen da ya sauka a zangon Salaga ko Kumasi ba ya shiga ciniki sai ta hannun maigidan da zai sauke shi ya tsaya masa. Idan baƙo ya ci bashi ya gudu, ƙofar maigidan ake zuwa. Jarin maigida shi ne maganarsa, ranar da aka kama shi ya tsaya wa mutum a kan ƙarya, ranar ya rufe zaurensa. Abin da ya canza yau shi ne maganar baki ta koma fom, shaidar mutanen zango kuma ta koma bayanan banki. Ƙasa tana da ikon gindaya sharaɗi ga mai shiga cikinta. Wanda ya ga sharaɗin zalunci ne yana da hanyar kotu da ta ƙungiyoyi da ta ƙuri'a, kamar yadda iyalai suka yi a can har Kotun Ƙoli. Ƙuncin doka ba ya halatta ƙirƙirar takarda.

Hanyoyi huɗu da ake bi a karkace

Ta farko ita ce takardar albashi ta bogi, ko wasiƙar wurin aikin da mutum bai taɓa takawa ba. Wannan shaidar zur ce a rubuce. Aya ta 30 ta Suratul Hajji ta haɗa hani ga maganar zur da hani ga ƙazantar gumaka a wuri ɗaya. A hadisin Abu Bakra, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya miƙe zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. Wanda ya rubuta takardar, da wanda ya buga mata hatimi, da wanda ya miƙa ta, da dillalin da ya karɓi lada, duk sun yi tarayya.

Ta biyu ita ce hayar kuɗi. Wannan ta zama sana'a a biranenmu: mai kuɗi ya zuba miliyoyi a asusun mai neman biza, a tsare asusun yadda ba zai iya taɓawa ba, yana biyan wani kaso duk wata har a gama bincike, sannan a kwashe. Laifi biyu ne suka haɗu a nan. Kuɗi ne aka ba da rance aka karɓi ƙari a kai, wannan kuwa kuɗin ruwa ne tsantsa ko da an sa masa sunan ladan aiki. Sannan an nuna wa hukuma dukiyar wani a matsayin ta mai nema. Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da matar ta sauka, kuɗin da aka ce za a riƙe ta da su sun riga sun koma wurin mai su.

Ta uku ita ce awo da mudu biyu, kuma ta fi yawa a tsakanin masu sana'ar kansu, kamar direbobin tasi da masu shaguna. A ofishin haraji mutum ya rage abin da ya samu don kada ya biya da yawa, a ofishin shige da fice kuma ya kumbura shi don a ba matarsa biza. A Amurka abin da ake lissafa wa mai sana'ar kansa shi ne abin da ya rage bayan ya cire kuɗaɗen da ya ce ya kashe a kan sana'ar. Wanda ya cire fiye da gaskiya don ya tsere wa haraji, da hannunsa ya rubuta cewa ba zai iya riƙe mata ba. Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narko a kan masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Kara ya san abin da ake kiran mai mudu biyu.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari ga addinin mutum: ɓoye iyali. Tunda adadin da Amurka ke nema yana ƙaruwa da yawan mutanen gida, wasu sukan ƙi rubuta 'ya'yan da suka bari a nan. Tunda kuma dokokin Amurka ba sa barin mutum ya kawo mata ta biyu alhali igiyar ta farko na nan, wasu sukan rubuta takardar saki ga uwargida, su ce ai ta hukuma ce kawai. Mu ji tsoron Allah. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya tabbatar da cewa aure da saki da kome wasansu ma gaske ne. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa saki yana aukuwa da rubutu. Wanda ya rubuta saki ya sa hannu ya miƙa wa hukuma ya jefa aurensa cikin babbar shubuha, kuma dole ya je gaban alƙali ko malami masani a duba lafazinsa kafin ya koma ɗakin matar. Yaron da aka share sunansa daga takarda kuwa, gobe idan ya tashi bin mahaifinsa, ko aka zo rabon abin da mahaifin ya bari a can, takardar nan ce za ta yi shaida a kansa.

Uzurorin da ake kawowa

Wasu sukan ce ai hukumar waɗanda ba Musulmi ba ce, yaudarar ta ba komai. Tarihin Manzon Allah (SAW) ya rushe wannan. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tare Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi suna cikin tsananin bukatar mayaƙa, amma ya umarce su da su cika alƙawarinsu. A Hudaibiyya ya mayar da Abu Jandal yana cikin mari saboda yarjejeniyar da aka ƙulla. Mugira ɗan Shu'uba kuma, da ya zo musulunta da dukiyar abokan tafiyarsa da ya ha'inta, an karɓi Musuluncinsa aka ƙi dukiyar. Waɗannan mutane ne da ake yaƙi da su. Ina ga ƙasar da mutum ya shiga da izininta, yana cin abinci a cikinta cikin aminci? Biza amana ce, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta buɗe.

Wasu kuma sukan ce lalura ce. Gaskiya rabuwar ma'aurata cuta ce, kuma Shari'a ta san da ita. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa. Amma lalurar da ke halatta haram ita ce wadda babu wata mafita gare ta. A nan kuwa mafita suna nan: ƙarin aiki, tara ajiya, neman mai tsayawa na gaskiya, yawaita ziyara, komawa ƙasar da sharaɗinta ya fi sauƙi, ko dawowa gida. Ɗaci gare su, amma hanyoyi ne.

Sannan a tambaya, wa ke kwana a ciki idan asiri ya tonu? Sunan matar ne a kan takardar nema, ita ce za ta tsaya gaban jami'i a Legas ta amsa tambayoyi. A dokar Amurka, wanda aka samu ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu don samun biza an hana shi shiga har abada, sai in ya samu afuwa ta musamman, samunta kuwa da wuya. A Birtaniya takardar ƙarya dalili ce ta ƙin bayar da biza, kuma a yawancin nau'o'in biza tana jawo hanin shekara goma. Yarinyar da aka haddatar da ita amsoshin da ta san ba gaskiya ba ne, ita ce za ta ɗauki tabon. Bayanai kuma ba sa gogewa daga kwamfutocin hukumomin nan. Ƙofar da aka rufe a 2020 an buɗe ta a 2021, wanda takardunsa ke da tsabta ya wuce. Wanda aka rubuta masa yaudara, buɗewar ƙofa ba ta amfane shi da komai ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga mai tsaya wa wani

A tsakanin 'yan'uwanmu da ke Amurka akan roƙi mutum ya sa hannu a matsayin mai lamuni na biyu, a ce masa sa hannu ne kawai. Wannan shi ne abin da littattafanmu na fiƙihu, irin su Risala da Mukhtasar, suke kira lamuni, kuma asalinsa yana cikin aya ta 72 ta Suratu Yusuf. Hukuncinsa sananne ne: wanda ya lamunce shi ke biya idan wanda ya tsaya wa ya gaza. Abu Ƙatada ya lamunce bashin wani mamaci kafin Manzon Allah (SAW) ya yarda ya sallace shi, kuma bashin ya koma wuyansa. Tsaya wa ɗan'uwa don ya haɗu da iyalinsa aikin lada ne babba, muna kwaɗaitar da masu hali su yi. Amma su yi shi ido buɗe, da niyyar biya idan ta kama.

Akwai kuma mai tambaya: tunda a Shari'a ciyarwa tana ƙarewa da ƙarewar idda, yaya takarda za ta ɗora wa mutum nauyin matar da ya saka? Amsa ita ce wannan nauyi shi ya ɗora wa kansa da zaɓinsa. Malamin Malikiyya Al-Haɗɗab, wanda ya rasu a shekara ta 954 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan mas'alolin da mutum ke lazimta wa kansa abu. Abin da ya shahara a mazhaba shi ne alƙawari yana zama dole idan wanda aka yi wa ya shiga wani al'amari saboda shi. Matar da ta bar iyayenta da garinsu ta ƙetare teku a kan wannan sa hannu ta shiga al'amari babba. Wanda ba zai iya ba kada ya sa hannu.

Nasiha ga gidajenmu

Iyayen miji suna da rawar takawa. Idan aka lissafa fam a kan kusan naira dubu biyu, fam 29,000 ya kai naira miliyan 58, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata. Jin wannan adadi kan sa a ɗauka yaro yana ninƙaya cikin kuɗi, sai bukatu su yi ta tafiya: gini, biki, kujerar Makka, jarin ƙane. An manta da harajin can da hayar ɗaki da kuɗin wuta. A shekarar 2025 kuɗin neman bizar kansa ya kusa fam 2,000, ga kuɗin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara da ake biya tun kafin tafiya. Kowace naira da aka matsa masa ya aiko, daga ajiyar da ake so ta yi wata shida take fita. Ciyar da mata da samar mata mazauni wajibi ne a kansa, kuma yana gaba da yawancin abubuwan da muke nema a wurinsa. Iyayen da ke da gona ko fili suna iya sayarwa su ba shi kyauta ta har abada, a rubuta, a kafa shaidu. Wannan halal ne, hukuma ma tana karɓa.

Waliyyan mata su yi tambaya tun kafin a sa rana: wane irin izinin zama gare shi, shin irinsa yana ba da damar kai iyali, nawa yake samu, yaushe yake sa ran ɗaukar ta, kuma ina za ta zauna kafin nan, wa zai ciyar da ita? Wannan ba ƙwaƙwa ba ce, aikin waliyyi ke nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga mazan da ke sakaci da matansu da 'ya'yansu mata, suna barin su cikin jahilci. Barin yarinya shekara da shekaru tana jiran takardar da an san ba za ta fito ba, shi ma sakaci ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na jihar nan ke hukunci da ita, matar da doguwar rashin miji ta cutar tana da damar kai kuka ga alƙali, shi kuma ya aika wa mijin ya zaɓa: ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata.

Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantu masu burin fita, ku fara gyara tun yanzu. Ku saba da shigar da abin da kuka samu banki, ku adana takardunku, ku rubuta wa kowace hukuma adadi ɗaya. Ku yi wa aurenku rajista a lokacinsa da kwanan watansa na gaskiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta mu'amala da kafa shaidu ta sauka. Ku karanta duk abin da za ku sa wa hannu, kada ku bar dillali ya cike muku fom ba ku gani ba, domin abin da ya rubuta da sunanku ku za a tambaya.

Wanda kuma ya riga ya afka, ƙofar tuba a buɗe take. Ya daina, ya janye abin da bai riga ya miƙa ba, ya nemi lauya masanin dokar ƙasar a kan yadda zai gyara abin da ya wuce, musamman harajin da ya tauye. Idan akwai maganar saki ko ɓoye ɗa, ya gaggauta zuwa wurin malamai.

Shi dattijon da muka fara da labarinsa, mun zauna da shi mun yi lissafin giɓin a kan takarda. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani fili da ya daɗe yana ajiye wa yaron, zai yi shawara da 'yan'uwansa. Muka ce masa ko da hakan zai ƙara musu wata shida ko shekara, surukarsa za ta tsaya gaban jami'i ba tare da wani abu da take tsoron a tambaye ta ba.

Allah Ya haɗa kowane miji da iyalinsa cikin halal, Ya yalwata arzikin matasanmu na gida da na waje, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga zur. Allah Shi ne Mafi sani.